Rigar Baftisma Ruwan Hoda

A unguwarsu ba wanda ya ƙara tuna sunan da iyayenta suka raɗa mata. Mama Kar-dai ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta, domin da wuya ta buɗe baki kalmomin nan biyu ba su riga gaisuwa fitowa ba. Ana cikin mota sai ta ce kar dai ta bar dutsen guga a kunne. Ana tsakiyar wa'azi sai ta zunguri ta kusa da ita ta ce kar dai famfo na can yana zuba. In jikanta ya yi tari sau ɗaya, kafin ya yi na biyu ta riga ta kai shi asibiti a zuciyarta, an ba shi gado, an fara kiran dangi. Mace ce mai kirki, hannunta a sake, ba ta ganin mai buƙata ta ɗauke kai. Amma zama kusa da ita gajiya ne, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai taɓa raka ta kasuwa ba.

Mijinta mai walda ne, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonsa. Hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta, maganarsa ta yini guda kuwa ba za ta cika cokali ba. Ba ya tsoron wuta, ba ya tsoron hawa saman bene ya rataya yana haɗa ƙarfe. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, dariyar mutane. Tun 'yarsu ta fari tana goye ya taɓa raka matarsa coci, ya zauna a kan wani tsohon benci, bencin ya ce bai san zance ba, ya karye ya kai shi ƙasa tare da duk waɗanda ke kai. Aka yi dariya, har da masu ɓoye baki a cikin gyale. Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya fita. Washegari ya kawo wa cocin benci na ƙarfe kyauta, amma ƙafarsa ba ta sake taka wurin sujada ba.

Tun daga ranar Mama Kar-dai ta ɗora mijinta a ka kamar tulu. Ta yi masa addu'a a tsaye, ta yi a durƙushe, ta yi tana yankan albasa. Yara suka girma suka yi aure, furfura ta fito masa a gemu, shi dai yana nan yadda yake. Sai ga shi wata safiya, yana tsoma burodi a shayi, ya ce mata ba tare da ya ɗago ba, ya daɗe yana zuwa ajin Fasto bayan ya rufe shago, kuma ranar Lahadi mai zuwa za a yi masa baftisma.

Ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta ajiye kofi, ta ɗauka, ta sake ajiyewa, ta tashi ta zaga teburi ta dawo.

"Amma ki ji, uwar yara," in ji shi. "In na ji an yi mini dariya, ko ta mutum ɗaya ce, gida zan dawo. Kuma ba zan sake ba."

"Wa zai yi maka dariya, Maigida? Ni ce fa mai kula da kayan. Ba abin da zai faru."

Gaskiya ta faɗa a rabin farko. Ita ce mai ajiye fararen rigunan da masu baftisma ke sakawa su shiga ruwa, dogaye har idon sawu, kuma tun da ta karɓi aikin ba a taɓa ganin ko ɗigon datti a jikinsu ba. Ta Maigida ma dabam aka ɗinka, don ba wadda za ta shige shi, yadin da ta ci zai rufe taga biyu. Rigunan nan a wanke suke, a goge, a ninke, suna zaune lafiya a cikin kabad ɗin coci. Ba su yi wa kowa laifi ba. Amma ranar Asabar da safe Mama Kar-dai ta farka da tunanin kar dai sun ɗauki warin ajiya, kar dai wani ya shinshina ya murmusa, Maigida ya ga murmushin ya ɗauka da shi ake. Ta je ta kwaso su duka a babbar jaka, ta tafasa ruwa, ta jiƙa su a baho a bayan ɗakin girki.

Akwai kuma wani sabon ɗankwali da ta saya musamman don ranar, ja jawur. Tana tsaye a kan bahon sai ta tuna da shi. Kar dai ya yi zuba gobe in ta yi gumi, jan ya gangaro mata a goshi a gaban jama'a. Gara ta jiƙa shi yau a ƙaramin bokiti ta gani. Ta ɗauko shi, tana riƙe da shi a hannu, sai wani tunanin ya tsallako ya tare na farko, kar dai ta bar gas a kunne. Ta wurgar da ɗankwalin wajen bokiti ta ruga. Gas a kashe yake, kamar yadda ta same shi duk lokacin da ta taɓa dubawa a rayuwarta. Tun da ta shigo sai ta duba firji. Daga firji ta kira 'yarta ta ji ko sun sami motar gobe, ta ja mata kunne a kan direbobi masu gudu, ta tambayi tarin yaron, ta ba da magani ta waya. Kafin ta koma bayan gida rana ta take tsaka.

Bokitin yana nan da ruwansa garau, ba kowa a ciki. Bahon ne ya koma kamar an yanka wani abu a ciki.

Ta tsoma hannu ta ɗago riga ɗaya, ta mayar da ita da sauri kamar in ta ɓoye ta abin zai fasa faruwa. Ta ɗago wata. Ta ɗago ta Maigida, wadda sai da ta sa hannu biyu. Ruwan hoda, daga wuya har ƙasa, mai kyau kuma, ko'ina ya kama daidai, ko marini ba zai fi haka ba.

A haka ƙanwarta ta same ta. Ƙanwar mai gyaran gashi ce, gajeriya mai ƙiba, wadda aka haifa da dariya a baki, ta zo ne ta taya yayarta girkin baƙin gobe. Ta dubi bahon, ta dubi yayarta, ta dubi rigar da ke ɗiga a hannunta. Ta yi iya ƙoƙarinta, a yi mata adalci. Ta cije leɓe, ta kalli sama, ta ce "Sannu, Yaya" da wata siririyar murya. Daga nan ta zube a kan dakali ta riƙe ciki.

"Ke yanzu abin dariya kika gani?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Mijinmu nake hangowa a ciki. Kamar ƙaton alawa."

"Shekarun da na yi ina roƙo, ke ba ki san su ba? Ya ce ko dariyar mutum ɗaya ya ji ya fasa. Ga ki nan kin fara tun ba a je ko'ina ba."

Wannan ya sa ƙanwar ta share hawaye ta ɗaura zane da kyau, suka shiga aiki. Suka ɗauraye, suka sake ɗaurayewa, har tankin ruwan gidan ya fara kuka. Launin ko gezau. Ƙanwar ta ce a sa bilic, ruwan nan mai wari da ke cinye tabo. Suka gwada a riga ɗaya, ta fito dabbare-dabbare, nan fari nan ja, kamar mai ciwon fata. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ai bula, shuɗin nan na wanki, ita ce maganinsa, ita kullum da bula take farar da zanen gadonta. Suka gwada a wata rigar, ta koma shunayya. Ƙanwar ta ce to aƙalla yanzu akwai zaɓi, Mama Kar-dai ta ɗaga mata ludayi.

Ta yafa gyale ta tafi wajen tela da gudu-gudu sauri-sauri. Ta tarar ya kwance keken ɗinkinsa gaba ɗaya, ƙusoshi a faranti, shi kuma yana zaune a ƙasa da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya saurare ta da tausayi, ya ce in ta dawo tsakiyar mako zai duba. Ta tuna da farar rigar Maigida ta sakawa a gida, guda ɗaya tilo, ta tuna ramukan tartsatsi da ke gabanta. A hanyar dawowa ta yi tuntuɓe sau biyu, ta gaida wani mutum da ba ta sani ba, ta wuce wanda ta sani.

Rana mai zafi ce, rigunan suka bushe kafin la'asar, suna ta kaɗawa a kan igiya kamar gidan da aka haifi 'yan mata zalla. Ta sauke su da sauri kada Maigida ya dawo, ta cusa a jaka, ta nufi coci. In akwai wanda zai san abin yi, Fasto ne. Dattijo ne natsattse, mai farin gashi da tabarau, wanda ya binne mutane da yawa ya kuma ɗaura aure da yawa, ba abin da ke girgiza shi. Ta same shi a ofis yana shirin wa'azi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zuge jakar a gabansa.

Fasto ya gyara tabarau. Ya zaro ta saman, wadda ta zama ta Maigida, ya yi ta warwarewa, riga ta ƙi ƙarewa. Ya ɗaga ta da hannu biyu har ta rufe shi ɗungurungum. Mama Kar-dai ba ta ganin fuskarsa, rigar kawai take gani, sai ta ga rigar ta fara rawa.

"Fasto, kuka kake yi?"

Ba kuka yake yi ba. Ya sauke rigar, ya cire tabarau, ya kifa kai a kan teburi, kafaɗunsa suna ta tsalle. Da kyar ya samu ya ce, "Mama, ki gafarce ni. Ruwan baftisma ba ya tambayar launin riga. Kowa ya sa abinsa haka, ba laifi ba ne." Ya ɗago ya sake ganin rigar, ya koma ya kifa kai.

Nan ne zuciyarta ta yanke. In Fasto da kansa, mai furfura, bai iya riƙe dariya ba, wa zai riƙe gobe? Mawaƙa? 'Yan matan layin baya? Ta tattara rigunan ta fita ba ta yi sallama ba. Ba ta iya komawa gida, ba ta kuma da sauran wurin zuwa, sai ta tura ƙofar ɗakin sujada ta shiga. Ba kowa. An share, an jera kujeru, fanka ɗaya da aka manta a kunne tana juyawa a hankali. Ta zauna a benci na gaba ta zazzage jakar a gefenta.

Ita dai ta iya addu'a, kowa ya shaida. Amma addu'arta irin ta uwar gida ce mai aiken yaro kasuwa. Takan faɗa wa Ubangiji abin da ake buƙata, ta faɗa masa inda zai samo, ta ƙara masa da hanyar da ta fi sauƙi, sa'an nan in ta ce amin ta tashi ta je ta yi abin da kanta don kar a samu kuskure. Yau ta buɗe baki ta fara kamar kullum, sai ta ga ba ta da shawarar da za ta bayar. Ta lalubo ko'ina, babu. Bilic ya ƙi, bula ta ƙi, tela ya kwance keke.

Ta ɗauki rigar Maigida ta ɗaga ta sama wajen bagade, teburin nan na gaban coci, kamar yadda ake nuna wa likita ciwo.

"Ga shi, Ubangiji," ta ce. "Ni na yi. Suna nan lafiyarsu ƙalau a kabad, ni na je na taso su."

Jin maganar a bakinta, a cikin wannan ɗaki shiru, sai wani abu ya taso mata daga ciki. Ta ɗauka kuka ne, ta shirya masa. Sai ga dariya. Ta fito da ƙarfi har ta tsorata ta, ta toshe baki, dariyar ta ƙi tsayawa. Ta hango kanta tun safe, tana ruga wa gas ɗin da ke kashe, tana ba da magani ta waya ga yaron da ke wasa a tsakar gida, tana tsare duniya ta kowace ƙofa, ashe ɓarnar tana hannunta na dama. Ta yi dariya har hawaye ya jiƙe mata wuyan riga, daga baya hawayen ya ci gaba shi kaɗai.

"Na gaji, Yesu," ta ce da ta samu numfashi. "Na gaji ƙwarai. Mutumin nan na ɗauke shi a ka kamar ni ce na mutu dominsa. Ba ni ba ce, kai ne. Ni ko riga ban iya wanke masa ba. In ya zo gobe, naka ne. In bai zo ba, naka ne dai, ka san shagonsa, ka san hanyar. Na sauke."

Ta jira ta ji tsoron ya dawo ya kama ta a ƙirji, inda ya saba zama. Bai zo ba. Ta ma gwada tsokanarsa, ta ce wa kanta gas fa, ƙofar baya fa, motar yara fa. Kowane ya zo ya tsaya daga nesa, ƙarami, ba haƙora. Abin da ta ji a maimakonsa salama ce, mai sauƙi, mai ɗan sa jiri, irin yadda wuya yake yi in an sauke kaya bayan doguwar tafiya, kai ya riƙa neman tashi sama da kansa. Ba abin da ya gyaru, rigunan suna nan ruwan hoda. Ta ce bari ta ɗan jingina kanta a kansu na minti ɗaya, suna da laushi, suna ƙanshin rana.

Da ta buɗe ido hasken taga ya koma ja-ja, kuma akwai mutum zaune a ƙarshen bencin. Maigida ne, da kayan aikinsa a jiki, gilashin walda a goshi. Ashe Fasto ya roƙe shi ya zo ya ƙarfafa ƙarfen da ake dafawa a matakalar wurin baftisma, ramin simintin nan da ke bayan bagade. Ba ta san tun yaushe yake zaune ba. Ta tashi zaune, ta ji shatin maɓalli a kumatunta, ta share yawu a gefen baki.

"Sannu da aiki, Maigida," ta ce. Muryarta ta ba ta mamaki, a kwance take. "Ka ga abin da na yi. Na sake wanke su ne don kar a yi maka dariya, ɗankwalina ya faɗa ciki. Gobe za a yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Fasto ma ya yi. Ni ma na yi. Ka yafe mini."

Ya dube ta. Ya miƙa hannu ya zaro tasa daga ƙarƙashin tulin, ya ɗaga, ya juya gaba, ya juya baya. Ya naɗe ta ya sa a hammata, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fita.

A da, da ta bi shi har bakin titi tana bayani, tana rantsuwa, tana kawo shawarwari. Ta ji ƙafafunta sun motsa za su tashi. Ta dafa gwiwoyinta ta ce musu su zauna. Sa'an nan ta ninke sauran rigunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar kabad, har da dabbare-dabbaren da shunayyar, ta kashe fankar, ta tafi gida tana 'yar waƙa a ƙasan maƙogwaro. Ƙanwarta da ta gan ta haka ta taɓa mata goshi ta ji ko zazzaɓi ne.

Ranar Lahadi ta farka ta tarar gefensa na gado ba kowa, takalmansa ba sa bakin ƙofa, rigar ma ba ta ga inda ya sa ta ba. Kada a yi ƙarya, tsoron ya dawo, ya zo da sassafe kamar mai bin bashi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ubangiji, ga shi ya dawo, karɓi kayanka." Ta sake faɗa tana wanka, ta sake faɗa a mota, ta faɗa a ƙofar coci. Kowane karo sai ta ji sauƙi, har ta fara jin abin kamar wasa, shi yana kawowa ita tana miƙawa gaba. 'Ya'yanta da suka iso suna ta tambaya ina Baba, ta ce musu ba ta sani ba, ta ce da murmushi, suka kalli juna.

Coci ya cika. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, Fasto ya sauka cikin ruwa da farar rigarsa, ya ce masu baftisma su fito. Ƙofar gefe ta buɗe. Wata tsohuwa ce ta fara fitowa, cikin ruwan hoda, tana tafe da yanga kamar don ita aka rina. Wani saurayi ya biyo ta cikin shunayya, wata matar aure cikin dabbare-dabbare. Ɗakin ya fara motsi, mawaƙa suka sunkuyar da kai, ana jin numfashi yana fita ta hanci nan da can. Mama Kar-dai ta ƙirga su da ido, suka ƙare, ƙofar ta tsaya a buɗe ba kowa. Ta runtse ido ta buɗe tafin hannunta a kan cinya.

Sai ta ji ƙanwarta ta damƙe mata hannu har farce ya shiga.

Ya sunkuya ya shigo ta ƙofar, ya miƙe. Ƙato, gemu da furfura, hannuwa masu tabo, ruwan hoda daga wuya har idon sawu. Jikansu ne, mai tarin nan, ya miƙe a kan kujera ya ce da muryar da ta kai layin baya, "Kaka ya yi kyau." Shi ke nan, ɗakin ya fashe. Dattawa, mawaƙa, mai kaɗa ganga da ya faɗo daga kujerarsa, Fasto a cikin ruwa yana riƙe da ƙarfe. Ba dariyar mutum ɗaya ba, ta kowa da kowa.

Maigida ya tsaya cak. Ta ga ya dubi ƙofar da ya shigo, ta ga wuyansa ya kumbura. Sa'an nan ya taka zuwa bakin matakala, ya ɗaga hannu ɗaya, aka yi shiru da kyar.

"Ni ba mai magana ba ne," ya ce. "Ana cewa dariya ce ta hana ni zuwa nan. Da ita, amma ba ita kaɗai ba. Matata nake kallo. A gidanmu ta fi kowa addu'a, ta kuma fi kowa rashin barci. Sai na ce a raina, in abin da ake samu ke nan, ni da nake barcina lafiya me zan je nema? Ajin Fasto ma don ita na shiga. Na ce bari in shiga ruwan nan ko ta huta."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, kuma a gaban 'ya'yanta aka faɗe ta. Ta ji kunya ta rufe ta. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Jiya na zo gyaran ƙarfe," ya ci gaba. "Na tarar ta lalata rigunan coci gaba ɗaya, ta kwanta a kansu tana minshari." Aka sake fashewa, ya jira aka gama. "Na zauna ina kallonta. Tun da na aure ta ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Na ce, wanda ya iya sa matar nan barci a rana irin wannan, ba ƙarami ba ne. Shi nake so. Yau don kaina na zo."

Ya dafa ƙarfen da ya gyara ya sauka. Fasto ya tambaye shi bangaskiyarsa, ya amsa da muryar da ta girgiza taga. Sai da dattawa biyu suka shiga suka taya kafin aka iya kwantar da shi a ruwan aka kuma ɗago shi. Rigar da ta ƙi zuba jiya duk wankin da aka yi mata, yau ta ga dama, ruwan ya koma ja-ja, farar rigar Fasto ta kama daga ƙirji zuwa ƙasa. Mawaƙa suka ɗauki waƙa, rabinsu suna kuka rabi suna dariya, ba wanda ya kama muryar wani.

Mama Kar-dai ba ta san lokacin da ta isa bakin matakala ba. Farin ciki ya cika ta har ƙafafunta ba sa jin ƙasa. Ya hau yana ɗiga, ruwa na gangarowa daga gemunsa, ya miƙo mata hannu.

"Tawul, uwar yara."

Ta dubi hannunta na dama, ta dubi na hagu. Ta dubi jakarta can a kan benci, wadda ta san abin da ke ciki da abin da babu.

"Na manta," ta ce.

"Kin manta?"

"Na manta, Maigida. Ko tunawa ban yi ba."

Ya tsaya yana kallonta, ruwa na shiga masa ido. Sai gemun ya fara rawa, ƙirjin ya biyo baya, ya jefa kai baya ya saki wata dariya da 'ya'yansa ba su taɓa ji ba, ta danne gangar ta danne mawaƙan. Ita kuwa ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa ta kama bakin gyalenta tana share masa fuska.